Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ikilisiyoyin Nijar: a rubuta wa ƴaƴanmu labarin waɗanda suka jure

Ubannina fastoci da limaman Katolika, dattawan ikilisiya, da iyayena shugabannin zumuntar mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya aikin Ubangiji? Allah ya ƙara muku ƙarfi.

Daga Tawa nake rubuto muku. Tsohuwar malamar lakwal ce ni, yanzu kuwa yara nake koyarwa a makarantar Lahadi. Na zaɓi in yi maganar a fili ne domin ba ta wata ɗarika ɗaya ba ce, ta shafe mu duka, kuma ina so matasanmu masu hannun rubutu su ji cewa an yi ta a gabanku.

Roƙona shi ne ku sa hannu, da bakinku da aljihun ikilisiya, a rubuta mana ƙagaggun labarai na tarihi da Hausa, a kan mutanen da suka riƙe bangaskiyarsu cikin tsanani. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu. Muna da littafin waƙoƙi, muna da ƴan takardun wa'azi da na koyon baftisma. Amma littafin da yarinya za ta ɗauka bayan la'asar ta kasa ajiyewa har tuwo ya huce, wannan ba mu ba ta ba. Ƴan matan da nake koyarwa suna karatu sosai, a waya suke yinsa, littattafan soyayya na Kano suna yawo a tsakaninsu ta WhatsApp babi bayan babi. Ban ga laifinsu ba. Marubutan can sun san yadda ake riƙe mai karatu, mu ne ba mu shiga fagen ba. Ga shi kuma tun 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, wanda duk zai yi rubutu da ita yanzu ƙofa a buɗe take.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, don na sha ji: ƙagaggen labari ai ƙarya ce, me ya haɗa ikilisiya da tatsuniya? Baba, da girmanka, Ubangijinmu da kansa da misalai ya koyar. Ba wanda ya taɓa neman sunan mahaifin ɗan nan da ya ɓace ya dawo, ko lambar gidan da Basamariye ya kai mai rauni, amma ba mu da wa'azin da ya kai su shiga zuciya. Annabi Natan ma da labarin ƴar tunkiya ya kama Sarki Dawuda. Mai wa'azi yakan ce mana mu jure, kuma gaskiya ya faɗa. Mai labari shi ne zai zaunar da mu a ɗakin mutumin daren da za a kai shi gaban alƙali, mu ji cikinsa yana kaɗawa, mu ji matarsa tana tambayarsa wa zai ciyar da yaran. Yaron da ya taɓa kwana a wannan ɗaki ta cikin littafi, ranar da tasa jarrabawar ta zo ba za ta zo masa baƙuwa ba.

Kayan aikin kuwa ga su nan jibge, yawancinsu a nahiyarmu. Yaranmu sun ɗauka addinin Kirista kayan Turawa ne da ya sauka tare da sojan Faransa, domin haka ake gaya musu a hanya, mu kuma ba mu ba su amsa ba. Alhali a shekara ta 180 an yanke wa masu bi goma sha biyu hukuncin kisa a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, kuma bayanin shari'arsu yana nan har yanzu. Shekara 23 bayan haka, a 203, aka jefa Perpetuwa da Felisita ga namun daji a filin wasa na wannan birni.

A nan nake so marubucinmu ya daɗe. Perpetuwa ƴar babban gida ce, shekarunta wajen 22, da jariri a nono. Da hannunta ta rubuta abin da ya same ta a kurkuku. Ta faɗi duhun wurin da zafinsa, ta faɗi yadda hankalinta ya tashi saboda jaririn har aka yarda ya zauna tare da ita. Abin da ya fi taɓa ni shi ne mahaifinta. Ba mai bi ba ne, kuma ba mugu ba ne. Ya zo ya faɗi a ƙafafunta, ya sumbaci hannuwanta, ya roƙe ta ta dubi furfurarsa, ta dubi uwarta da ƴan'uwanta, ta dubi ɗanta. Ranar shari'a ya zo da jaririn a hannu. Da ya matsa, mai mulki ya sa aka buge shi da sanda, ita kuwa ta ce ta ji zafin dukan kamar a jikinta ya sauka. Felisita baiwa ce mai cikin wata takwas, a kurkuku ta haifi ƴa mace, wata ƴar'uwa cikin ikilisiya ta karɓa ta rena. Wace Bahaushiya ce za ta ji labarin uban da ke roƙon ƴarsa kada ta zubar da mutuncin gida, ta ce ba ta gane ba? Mu da muka san nauyin albarkar iyaye, mun fi mutane da yawa fahimtar abin da wannan yarinya ta ɗauka a ka.

Ga samarin fadar Buganda, cikin ƙasar Uganda ta yau, su 45, Katolika 22 da Angilikan 23, da sarkinsu Kabaka Mwanga ya kashe tsakanin 1885 da 1887, aka ƙone da yawansu a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886, har da ɗan yaro Kizito. Ga Madagaska, inda Sarauniya Ranavalona ta hana addinin a 1835, aka soke Rasalama da mashi a 1837, masu bi suka riƙa binne Littafi a ƙasa suna taruwa a ɓoye, kuma da sarauniyar ta rasu a 1861 aka tarar sun ƙaru ninkin ba ninkin ba tare da ɗan mishan ko ɗaya ba.

Amma wanda ya fi kusa da mu, ƙasar Hausa ce ta haife shi. A shekarun 1860, zamanin Sarkin Kano Abdullahi, an yi wani Malam Ibrahim da ya zurfafa cikin abin da ya karanta game da Annabi Isa, ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Ya ƙi janye maganarsa, aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Mutanensa suka watse, wasu suka nufi Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da ɗan mishan Likita Miller a Zariya, aka kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya zo ya kwashe da yawa daga cikinsu, saura suka ƙarasa Wusasa. Wannan labari ya isa littafi uku. Sai dai ina gargaɗin wanda zai rubuta shi: kada ya yi wa Malam Ibrahim baftisma da alƙalami. Malami ne a cikin Musulunci, a nan ya yi karatunsa, a nan ya tsaya a kan abin da ya gani. A bar shi yadda yake, girman labarin ba zai ragu ba.

Sa'an nan ga namu na cikin gida, waɗanda ba a taɓa sa wa biro ba. Ƴan mishan na SIM sun zauna Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri. Asibitin Galmi a nan jiharmu ya buɗe a 1950, ga kuma asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi. Masu bi na farko a ƙasar nan da yawansu daga irin waɗannan wurare suka fito: majinyata, marayu, leburori, ƴan makaranta. Ba a kai su filin wasa ba, ba a ƙone su ba. Nasu tsananin a tsakar gida ya same su. Akwai wata tsohuwa a zumuntarmu, Allah ya ji ƙanta, da ta taɓa ba mu labari muna gyaran wake. Da aka ji ta yi baftisma, sai aka ware mata ƙwaryarta, aka rataye ta can bayan rumbu. In ta je rijiya ba a ba ta guga, sai ta tsaya gefe har wata ta ga dama ta zuba mata daga nesa. Mijinta ya sake ta, danginsa suka riƙe yaran. Ta ce duk wannan bai sa ta kuka kamar abu ɗaya ba: kowace asuba takan tarar da dunƙulen fura a naɗe cikin ganye a gindin danga, ta san hannun uwarta ne, amma in sun haɗu a kasuwa sai uwar ta kau da kai. Shekaru suka yi a haka. Ta ba mu labarin ba da ɗaci ba, tana yi tana hure ƙaiƙayi daga faifai.

Ta tafi da sauran labarin, domin ba wanda ya zauna da ita da na'ura. Wannan ne ya sa nake gaggawa. Waɗanda suka ga shekarun 1950 da idonsu sun kusa ƙarewa. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da ta daɗe tana tattara tarihin baka na Afirka daga bakin tsofaffi da maroƙa, ga kuma malaman tarihi a jami'ar Abdu Mumuni. Sanin yadda ake wannan aiki yana nan a ƙasarmu. Yau kowane matashi yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Abin da ya rage shi ne fasto ya tsaya a gaban jama'a ya ce wannan ma hidima ce, ya tura matasa bibbiyu gidajen tsofaffi, da yardar masu labarin, a kuma sauya sunaye da garuruwa inda faɗinsu zai jawo wa wani fitina.

Yanzu bari in zo inda na san zuciyarku take ɗar-ɗar. Ƙidayar 2012 ba ta ba mu ko kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar nan ba. Ba mu manta 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, lokacin da fushin zanen ɓatanci na wata jarida a Faransa ya sauka a kanmu, mu da ba mu zana kome ba. An fara a Damagaram, washegari Yamai. Hukuma ta ce an ƙone majami'u 45 a Yamai, mutum 10 suka rasu a biranen biyu. Mun ga yadda aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga a Satumba 2018, sai Oktoba 2020 aka sako shi a Mali. Ƴan'uwanmu na yankin Makalondi da Torodi da yawa sun bar gonakinsu. Za ku ce, a irin wannan hali, littafin tsanani ba zai zama zuba fetur a wuta ba?

Zai iya zama, in an rubuta shi da mugun nufi ko da ragon hannu. Shi ya sa nake kawo maganar gare ku maimakon in bar ta ga duk wanda ya ga dama. Littafin da zai zana kowane maƙwabci da fuskar azzalumi ƙarya yake yi, kuma mu shaidu ne. Yaran da ke ajina a 2015 yanzu sun zama iyaye, kuma abin da suka fi tunawa hayaƙi ne. Amma wata ƴar'uwa da ke Yamai a ranar ta gaya mini cewa Alhajin da ke katanga ɗaya da su ne ya buɗe ƙofar baya ya shigar da ita da yaranta ɗakin uwargidansa, aka yafa musu mayafai, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna da carbinsa har ƙura ta lafa. In marubuci ya ba da wutar ya bar tabarmar nan, ya ci amanar tarihi. Haka kuma kada ya manta cewa masu bindigar da suka kori ƴan'uwanmu daga Tilaberi ba su bar Musulmi ba. A nan jiharmu, a yankin Tiliya, mutum 137 aka kashe a rana ɗaya, 21 ga Maris 2021. Makokin ƙasar nan ba na gida ɗaya ba ne.

Ina ma ganin irin wannan littafi zai iya samun masu karatu a gidajen maƙwabtanmu, domin labarin ba baƙo ba ne a wurinsu. Kiristocin Najran da Sarki Zu Nuwas ya hallaka wajen shekara ta 523, malaman tafsiri da yawa sun ce su ne mutanen rami da Suratul Buruj ta ambata, kuma duk azumi ana jin labarinsu a lasifika. Samarin kogo da ake karantawa ran Juma'a, a wajen Kiristocin dā an san su da matasan Afisa da suka guje wa Desiyus, sarkin Roma. Musulmin farko da tsanani ya kora daga Makka, wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, suka sami mafaka. Kai, a Namugongo ɗin ma, kimanin shekara 10 kafin a ƙone su Kizito, Kabaka Mutesa ya kashe samari Musulmi saboda sun tsaya a kan addininsu. Wanda ya san waɗannan ba zai rubuta littafin gaba ba. Zan so ma kowane rubutu, kafin a kai shi maɗaba'a, a ba wani aboki Musulmi mai ilimi ya karanta, ya nuna inda aka faɗi abin da ba haka yake ba game da su.

Akwai kuma abin da nake tsoro daga ɓangarenmu, kuma ku gafarce ni in faɗe shi kai tsaye. Ina tsoron in kun karɓi aikin nan za ku so a wanke kowa tas, a fito da jarumai marasa tsoro waɗanda ke waƙa tun daga shafin farko har na ƙarshe. Tarihin ikilisiya ba haka yake ba. A shekara ta 250 Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga allolin Roma ya karɓi takardar shaida. An tono irin takardun nan fiye da 40 a Masar. Masu bi da yawa sun je sun miƙa, wasu tun ba a kira su ba. Wasu suka ba ma'aikata cin hanci aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi hadayar ba. Bishop Kipriyanus na Kartaj da kansa ɓuya ya yi, yana tafiyar da ikilisiya ta wasiƙu, kuma an yi ta yi masa gori a kai. Da wuta ta lafa, sai ga waɗanda suka faɗi a bakin ƙofa suna kuka suna neman komowa, ga waɗanda suka sha azaba da tabonsu a jiki suna kallonsu. Ikilisiya ta kusa tsagewa. A 251 aka taru a Kartaj aka yanke cewa a karɓe su bayan sun nuna tuba. Shi kuwa Kipriyanus, da tsanani ya dawo bai gudu ba, aka fille masa kai a 258.

Wannan ne littafin da na fi bukata a ajina. Kowane fasto a cikinku ya san wani da ya yi baftisma, yunwa ko aure ko kukan uwa ya mayar da shi, yanzu yana wucewa ta ƙofar majami'a da kai a sunkuye. Mun san masu bi a ɓoye da ba su iya zuwa sujada, sai su aiko da baikonsu ta hannun wani. Me muke gaya wa yara game da su? In labaranmu na waɗanda ba su taɓa girgiza ba ne kaɗai, yaron da ya ji tsoro zai ɗauka shi kam an gama da shi. Bitrus ya yi musu sau uku a bakin wuta, kuma masu rubuta Bishara huɗu ba wanda ya ɓoye masa, ko da yake shi ne babba a cikin manzanni. In manzanni ba su share wannan ba, kada kwamitinmu ya share.

Kada kuma a ƙara gishiri. Wanda aka kashe ɗaya kada a mai da shi goma, kada a ƙago mu'ujizar da ba wanda ya shaida, a liƙa wa mutumin da ya rayu da gaske. Marubuci yana da ƴancin ƙirƙiro mai sayar da ruwa a Kartaj, ko ƙanwar wani almajirin Isawa, ya sa musu magana a baki, ya ba su dariya da kishi da bashi. Amma shekaru da sunayen sarakuna da abin da ya auku, a bar su daram. A ƙarshen littafi ya ware shafi biyu ya gaya wa mai karatu wanne ne tarihi, wanne ne nasa.

Abin da nake nema a aikace ba shi da tsada. Gasar rubutu ce ta haifi ƙagaggun littattafan Hausa na farko a Zariya a 1933, ba abin da zai hana mu yin tamu. Ku ware baikon Lahadi ɗaya a shekara, ku sa kyauta, ku buɗe ta ga maza da mata na kowace ɗarika. Alƙalan su haɗa da masanin tarihi da wanda ya iya Hausa har ƙashi, ba masu tauhidi kaɗai ba. Wanda ya ci a buga shi a takarda mai araha, kada ya wuce jika guda, yadda ɗan lakwal zai iya saya. Tun da yawancin iyayenmu mata ba su karanta boko, a samu mai murya ya karanta shi babi babi, a sa a rediyo, a tura ta waya. Masu Zabarmanci da Gurmanci su ma a ba su hanya su juya shi ko su rubuta nasu.

Ina roƙonku ku sa wannan magana cikin ajandar babban taronku na gaba, ku kuma ba mu amsa a fili kamar yadda na yi tambaya a fili. Mu a nan Tawa, ni da wasu mata na zumunta da ƴan matasa, mun shirya mu fara zagaya tsofaffinmu na nan da na wajen Galmi da Madawa bayan girbi, mu ɗauki muryoyinsu mu kwafe a takarda. Muna bukatar wasiƙa daga gare ku da za mu nuna wa fastocin ƙauyuka, da kuma wurin da za a adana abin da muka tara.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ƴarku cikin Almasihu,
wata malamar makarantar Lahadi,
Tawa